Hajiya, kada ki sa okid ɗin nan a ƙasa

Wa alaikumus salam Hajiya. Kin ce an kawo miki tsarabar okid, shukar furen ado da ake kira orchid da Turanci, ya yi wata biyu da fure, yanzu furen ya zube, ganye ɗaya ya yi ɗorawa, har kina shirin juye shi cikin ƙasar lambu da taki. Don Allah ki dakata da ƙasar nan.

Yadda kika kwatanta shi, naki Phalaenopsis ne, mai faffaɗan ganye kamar harshen saniya. Asalinsa dazuzzukan su Filifin da Indonesiya, kuma can a jikin itatuwa yake maƙalewa, saiwarsa a waje tana shan iska. Ba kauci ba ne, ba ya tsotsar itacen, wurin zama kawai yake so. Ni na farkon da na saya, ƙasa na ɗura masa, ina ba shi ruwa safe da yamma kamar alayyafo. Da na zazzage tukunyar bayan sati uku, saiwar ta zama baƙa, ta yi laɓo-laɓo, na matsa sai fatar ta saɓule ta bar ɗan zare. Na yi ta zargin mai sayarwa, ashe ni ce.

Yanzu roba nake amfani da ita wadda ake hango ciki, in huda ta ko'ina da ƙusa mai zafi. In yayyanka ɓawon kwakwa, in jiƙa shi kwana uku ina canza ruwa saboda gishiri, in haɗa da gawayi. Saiwa ita za ta gaya miki lokacin ban ruwa: in kore ce shar, ya ƙoshi, in ta koma fari-fari kamar azurfa, ki tsoma robar cikin ruwa minti 10, ki bari ya tsiyaye tas. Da damina nakan yi kwana goma ban taɓa shi ba, da hunturu kuwa kwana huɗu ya bushe. Ruwan da ya shiga tsakiyar ganye ki tsane shi da tishu, nan ruɓa ke farawa. Wajen ban ruwa, ruwan sama ya fi. Na burtsatsenmu farin gishiri yake bari a bakin tukunya.

Zubar fure ba ciwo ba ce, lokacinsa ne ya yi, haka ma tsohon ganye na ƙasa. In karan furen ya bushe ki yanke shi daga gindi. Ki ajiye shi tagar gabas bayan labule. Sanyin daren hunturu shi ke sa nawa su fito da sabon kara, amma bazarar Kano, in zafi ya haura digiri 40, ɗaki mafi sanyi nake kai su.

In kina son ƙara wani irin okid, ki nemi Dendrobium, ya fi jure rana da zafi. Cattleya ta Kudancin Amurka akwai ƙamshi, sai dai ba ta fure in haske bai ishe ta ba. Vanda kam a rataye take ba tukunya, kullum sai an jiƙa ta, tawa hunturu ɗaya ya gama da ita. Akwai kuma namu na Afirka, Ansellia, mai zanen damisa, amma girmansa ya fi ƙarfin taga, baranda ta fi dacewa da shi.

Ki zare naki daga tukunya yau ki duba saiwar. Mai tauri ki bar ta, wadda ta yi laushi ki datse da almakashi mai tsabta, ki turo mana hoto mu gani.