Inda tsuntsayen lambu ke kwana a sanyin Ingila

Malam, ka tambayi inda ƙananan tsuntsayen lambun gidanka a Ingila suke kwana bayan bishiyoyi sun kaɗe ganye. Yawancinsu ba sa komawa sheƙa, domin amfaninta ya ƙare da tashin 'ya'ya. Sukan nemi itatuwan da ba sa zubar da ganye, da ciyayi masu yaɗo a jikin bango, da kogon itace, da ƙarƙashin rufin gida, wato duk inda iska ba ta ratsawa. A can tsuntsu zai buɗa gashinsa don ya riƙe ɗumi, ya cusa baki a kafaɗa, ya naɗe ƙafa ɗaya.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne ɗan mitsitsin nan mai ɗage wutsiya da suke kira ren, mai nauyin giram 10 ko kusa da haka, alhali daren Disamba yakan kai awa 16. Shi ya sa suke cunkusuwa wuri guda don su ɗumama juna, har an taɓa ƙirga 61 cikin akwatin sheƙa ɗaya (irin wanda ake rataya wa tsuntsaye a lambu) a yankin Nofok na Ingila a 1969.

Don Allah kada ka sauke akwatinka, ka bar shingen lambun da duhunsa, ka riƙa zuba musu tsaba da sassafe da kuma kafin magariba, tare da ruwan da bai daskare ba.