Kar ka rabu da kaset ɗin: amsoshin tambayoyinku kan gyaran tsofaffin fina-finai

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Wanga mako kusan duk saƙonnin da sunka shigo kan abu guda ne, yadda mutum zai kwashe tsofaffin fina-finai daga kaset da faifai ya gyara su don kallo a gida, to bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Tambaya daga unguwar Zariya ta Maraɗi: Malam na sa tsohon faifan fim ɗin Hausa a kwamfuta don in kwafe, amma ban ga bidiyo ba sai wasu jakunkuna da fayil ɗin da ba su buɗewa.

Amsa: Ɗan'uwa fim ɗinka na nan, shiga jakar MPEGAV, wanda anka rubuta AVSEQ01.DAT shine. Ja shi cikin VLC, manhajar kallon bidiyo, zai yi. Faifan VCD bai wuce minti 80, shiyasa fim ke zuwa na 1 da na 2, kuma sau da yawa sunan fayil ɗin iri ɗaya ne, ka canza wa na farko suna kafin na biyu ya danne shi. In kwafin ya tsaya a hanya goge faifan da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba da gefen rigarka da ta sha ƙurar kasuwa ba.

Tambaya daga Tibiri: Malam albishirinka. Kaset-kaset da faifan da mahaifinmu ya bari, fina-finan Hausa na da, da na Indiya, har da na bikin gidanmu, na kai an juye mini, na sa su a wata manhaja ta AI ta mayar da su 4K, wani mai baƙi da fari ma ta sa masa kala. Yanzu kwalin ya cika mini ɗaki, zan ba yara ne ko in zubar. Wace manhaja ce ta fi kyau in ƙara musu haske?

Amsa: Ƙanena tsaya, don girman Allah tsaya, kar ka taɓa wannan kwalin. Wallahi da na karanta saƙonka sai da gabana ya faɗi, don ba kai ne na farko ba, kuma duk wanda ya zo mini bayan ya zubar babu abinda nake iya yi masa sai jaje.

Mu yi lissafi tukuna. Hoton VCD ɗigo 352 ne a kwance, 288 a tsaye, wato ɗigo dubu 101 da ɗoriya. Shi kuwa 4K 3840 ne sau 2160, ɗigo sama da miliyan 8. Ka raba ka gani, cikin kowane ɗigo 82 da kake kallo yanzu guda ɗaya tak ne ya fito daga faifan babanku, sauran 81 ɗin manhajar ce ta cike da hasashenta. Ba ta san mutumin da ke cikin fim ɗin ba, ba ta taɓa zuwa Tibiri ba, fuskokin da anka horar da ita da su take dubawa ta ce wataƙila haka idonsa yake, wataƙila haka haƙoransa suke, sai ta zana. Wannan zane ne sabo, ba a dawo maka da komi na asali ba.

Na gani da idona. Wani bawan Allah ya kawo mini bidiyon bikin gidansu bayan ya wuce da shi ta irin wagga manhaja, yana murna ya fito tas. Munka tsayar da hoton a kan kakarsa, tsohuwa Bagobira mai tsage a kumatu, sai ga fuskar sumul kamar an shafe ta da man kaɗanya, tsagen nan duk babu, manhajar ta ɗauke shi a matsayin datti ta share. Aikin da ke gaban babbar rigar angon ya koma kamar an zuba kunu, rubutun da ke jikin mota a baya ya zama wasu haruffan da babu su a boko babu su a ajami. Allah ya taimake shi kaset ɗin na nan, munka sake juyewa, hoton da ɗan dishi-dishi amma tsagen ya fito, mutumin ya daɗe yana kallo bai ce komi ba. Da ya zubar fa? Jikokinsa za su tashi da hoton wata mata da ba a taɓa haihuwa ba suna cewa kakarsu ce.

Ita kuma kalar da anka sa wa baƙi da fari, caca ce zalla. A fim ɗin baƙi da fari jar hula da shuɗiyar hula suna iya fitowa toka iri ɗaya, to ta ina manhaja za ta sani? Shiyasa kake ganin riga tana canza launi daga wanga ɗaki zuwa wancan, rawani ya tashi daga baƙi ya koma ruwan goro. Masu ɗaukar fim na wancan zamani sun san baƙi da fari suke ɗauka, a kan haka sunka tsara haskensu da inuwarsu, garin neman gira kar a rasa ido.

Dubi yadda masu sana'ar ke yi. Fim ɗin Shaihu Umar na Adamu Halilu, na 1976, wanda anka gina kan littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana zaton ya ɓata, sai a 2016 anka gano asalin zarensa a ajiyar hukumar fina-finan Najeriya, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, anka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. Mi ya sa hakan ta yiwu? Don ba a zubar da asalin ba, shi anka koma wa. Kai a gidanku wannan kwalin shine asalin.

Kuma ina da tabbacin juyin da anka yi maka ma da sauran gyara, don yawancin masu juyewa suna matse fayil ɗin ya zama ƙarami ya shiga waya, daga nan a tura ta WhatsApp ya sake matsewa, a sa a CapCut a sake fitarwa, kowane zagaye ana ɓarar da wani abu da ba ya dawowa. Ga yadda nake yi kuma haka nake son kowa ya yi. Faifai a kwafe shi yadda yake, DAT ya zauna DAT, DVD a kwashe da MakeMKV wanda bai taɓa ingancin hoto. Kaset a juye a 720 sau 576, hoto 25 a daƙiƙa, ba tare da matsewa mai asara ba, zai ci wajen giga 30 a awa guda, eh na sani da yawa ne, a daure. Wannan ita ce uwa, a rubuta mata suna da shekara, a aje ta wuri biyu, ba a gyara a kanta har abada. Daga jikinta ake cire ƴar kallo da manhajar HandBrake, a zaɓi tsarin bidiyo H.264, a sa ma'aunin inganci RF 18 zuwa 20, a kunna Bwdif don ya kawar da layukan nan masu kama da haƙoran mataji da ke fitowa in mutum ya motsa. In hoton ya yi duhu a ɗan ɗaga haske kaɗan, in sauti na huci a rage da Audacity, manhajar gyaran sauti, shima kaɗan, in ka matsa masa muryoyi za su koma kamar daga cikin rijiya.

Kana son ka yi wasa da AI? Yi abinka a kan kwafi, ka rubuta a sunan fayil ɗin cewa na AI ne don kar gobe a rikita. Manhajojin nan ana ta inganta su, wanda ya riƙe uwa zai sake gwadawa bayan shekara biyar, wanda ya zubar ya tsaya kan fuskar roba.

Kwalin kuma fitar da shi daga ɗakin kwano, zafin watan Afrilu na Maraɗi da ke haura digiri 40 ba abokin kaset ba ne. A jera su a tsaye kamar littattafai, a ɗaki mai sanyi, nesa da lasifika saboda maganaɗisu, kuma a ɗaga su daga ƙasa kafin damina. Wanda ka ga farin abu kamar furfura ta cikin gilashinsa ya yi fumfuna, ware shi, kar ka sa shi a na'ura don zai shafa wa kan na'urar ya bi sauran. Maganar ƙarin haske da ka tambaya, ba yanzu ba, je ka ceto kwalin ka dawo.

Tambaya daga Tasawa: Kaset ɗin da baba ya naɗa daga talabijin ɗin ƙasa da can yana fitowa baƙi da fari a kwamfuta, amma na Kano suna fitowa da kala. Ya lalace ne?

Amsa: Lafiyarsa lau Hajiya. Nijar ta bi tsarin kala na Faransa mai suna SECAM, Najeriya kuma PAL, kuma in anka karanta SECAM da kayan PAL hoto na fitowa amma kala ba ta zuwa. Ki nemi na'urar bidiyo da anka rubuta SECAM a goshinta ko mai karanta tsari da yawa, sannan a cikin manhajar juyewa ki canza daga PAL zuwa SECAM. Ƴan ƙananan na'urorin juyewa masu araha ba duka ke gane shi ba, a gwada kafin a biya. Kuma ki riƙe wanga kaset da kyau, abinda anka naɗa daga talabijin a gida wani lokaci shi kaɗai ne ya saura a hannun mutane.

Tambaya daga Sabon Gari: Ina so in yanke raye-raye da wasu wurare daga tsofaffin fina-finan Indiya don mu kalla da iyali ba tare da ina riƙe da rimot ba.

Amsa: Alhaji wannan aikin LosslessCut ne, kyauta ne, kuma yana yanka ba tare da ya sake matse fim ɗin ba, fim ɗin awa uku zai fito cikin ɗan lokaci ingancinsa bai ragu ba. Sai dai yana yanka ne a kan wasu hotuna na musamman da ke zuwa jefi-jefi, don haka yankan zai iya gocewa da daƙiƙa ɗaya ko biyu, ka duba kowace mahaɗa da kanka kafin ka tara yara, kar abinda ka gudu ya leƙo a gaban surukai. Shawarata ka yanka a inda fage ya ƙare, in ka yanka tsakiyar kiɗa kunne na jin tsallen. Ka lura kuma wasu waƙoƙin a cikinsu labarin ke tafiya, yaro ya fara waƙa yana ƙarami ya gama ta da gemu, in ka cire duka sai an yi ta tambayarka wanene wannan. Cikakken fim ɗin ya zauna a ajiye. Kuma wanga gyara na falonka ne, ba na kaiwa wurin masu turi a sayar ba, fim ɗin da masu shi.

Tambaya daga Madarumfa: Na samu fim mai hoto garau, ina kuma da tsohuwar fassararsa ta Hausa mai hoto mara kyau. Na ɗora sautin Hausar a kan mai kyan, farko ya yi daidai amma can gaba baki daban magana daban.

Amsa: Ka yi tunani mai kyau, gudun ne bai zo ɗaya ba. In tazarar iri ɗaya ce daga farko har ƙarshe jinkiri ne kawai, danna j ko k a VLC har ya hau, ka ɗauki adadin ka sa a MKVToolNix, manhajar haɗa hoto da sauti. Naka da ke ƙaruwa kuwa, ɗayan yana tafiya hoto 25 a daƙiƙa, ɗayan 23.976, a awa guda tazarar na kaiwa minti biyu da rabi. In na Hausar ne mai 25, buɗe sautinsa a Audacity ka rage gudunsa da kashi 4.096 cikin ɗari. In bayan haka ya yi daidai sai kwatsam ya yi tsalle, to masu fassarar sun yanke wani wuri, sai ka bi shi gaɓa-gaɓa kana cike gurbin da sautin asali, aikin haƙuri ne na kwana biyu ko uku. A ƙarshe ka bar sautin biyu duka cikin fayil ɗin MKV guda, mai son Hausa ya zaɓa, mai son asali ya zaɓa.

Tambaya daga Dakwaro: Na rubuta fassara a ƙasan fim amma ƙ da ɗ da ɓ suna fitowa alamar tambaya.

Amsa: Adana fayil ɗin fassarar, wato SRT, a tsarin haruffa na UTF-8, manhajar Subtitle Edit na yi. In sun koma ƴan akwatuna, salon rubutun talabijin ɗinka ne bai da su, kalla ta VLC.

Tambaya daga Gidan Rumji: Mutanen cikin fim sun yi gajeru sun yi faɗi a sabon talabijin ɗina, kuma wani fim ɗin ya ƙi shiga kile, wato filashin USB, alhali da wuri.

Amsa: Baba jaruman ba ƙiba sunka yi ba, kai ka miƙe su. Tsohon hoto 4:3 ne, talabijin ɗinka 16:9, shiga saitin hoto ka mayar 4:3 ka bar baƙin da ke gefe da gefe, ba asarar kuɗin talabijin ba ce. Kile kuma yana kan tsarin ajiya na FAT32 ne, wanda bai karɓar fayil da ya wuce giga 4. Kwashe kayanka ka mayar da shi exFAT, in talabijin ɗin ya ƙi gani gwada NTFS, in nan ma ya ƙi raba fim ɗin biyu da MKVToolNix.