Ko Haƙurin Allah Yana Ƙarewa Idan Mutum Ya Yi Ta Maimaita Zunubi?

Tambaya: Fasto, ni Kirista ne mazaunin Tudun Wada a Jos, ina cikin ƙungiyar mawaƙa ta majami'armu. Cacar ƙwallo ta waya ta kama ni. Nakan tuba da hawaye ranar Lahadi, amma da zarar albashi ya shigo sai in koma, har na cinye kuɗin makarantar yara. Yanzu kunyar yin addu'a nake ji. Shin Allah bai gaji da ni ba?

Amsa: Ɗan'uwana cikin Almasihu, Allah bai gaji da kai ba, kuma ba don in kwantar maka da hankali kawai nake faɗin haka ba. A Matiyu 18:21-22, Bitrus ya tambayi Yesu ko ya isa ya yafe wa ɗan'uwansa har sau bakwai, yana ganin ya yi ƙoƙari, sai Yesu ya ce bakwai har sau saba'in. A Luka 17:4 ma ya ce ko sau bakwai a yini ɗaya ɗan'uwa ya yi maka laifi, ya dawo yana tuba, ka yafe masa. Ubangijin da ya ɗora wa mutane masu gajen haƙuri wannan nauyi ba zai gaza su a jinƙai ba. Misalin da Yesu ya bayar bayan ya amsa wa Bitrus ya ƙara fito da maganar fili, domin sarki ya yafe wa bawansa bashin talanti 10,000, alhali talanti ɗaya dinari 6,000 ne, dinari kuwa lada ne na aikin yini guda. Bashi ne da ko jikokin bawan ba za su iya biya ba.

Abin da nake ji maka tsoro daban ne. Manzo Bulus ya ce a Romawa 2:4-5 haƙurin Allah yana jan mutum ne zuwa ga tuba, wanda kuwa ya rena shi yana tara wa kansa fushi saboda taurin zuciyarsa. Wato haɗarin maimaita zunubi yana wajen zuciyar mai yi, wadda sannu a hankali takan daina jin zafin laifi, har tuba ta zama al'adar Lahadi kamar saka kayan zuwa majami'a. Kunyar da kake ji alama ce cewa lamirinka yana da rai, sai dai kada ka bari ta raba ka da addu'a. Yahuza, wanda ya ba da Yesu ga maƙiyansa, da Bitrus duk sun yi nadama. Yahuza ya kai tasa wurin manyan firistoci tare da azurfa 30, ya ƙare da hallaka kansa, Bitrus kuwa, wanda ya yi musun Ubangijinsa sau uku, ya koma wurin Yesu, aka kuma danƙa masa kiwon tumaki a Yohanna 21.

Wataƙila wani ya karanta maka Ibraniyawa 10:26, wadda ta ce in muka ci gaba da yin zunubi da gangan bayan mun san gaskiya, babu sauran hadaya domin zunubai, ayar da ta hana masu bi da yawa barci. A fahimtata, tana magana ne a kan wanda ya san gaskiya, ya juya wa hadayar Almasihu baya da gangan. Mai kuka yana neman kuɓuta ba ya cikin wannan layi.

Amma gafara ba ta share sakamako. Annabi Natan ya shaida wa Dauda cewa Ubangiji ya kawar da zunubinsa, duk da haka takobi bai rabu da gidansa ba (2 Sama'ila 12). Kuɗin makarantar nan yana nan yana jiranka, kuma a nan ne nake ganin tubarka ta yi ta tsayawa a rabin hanya, domin hawaye kake kawowa, ka bar wayar yadda take. Ka goge manhajar cacar, ka rufe asusunka a cikinta, ka fita daga zaurukan WhatsApp da ake turo hasashen wasanni. Yaƙub 5:16 ta umarce mu mu furta wa juna zunubanmu, saboda haka ka faɗa wa uwargida gaskiya, ko da ranta zai ɓaci, ka kuma yarda albashi ya riƙa bi ta hannunta na wani lokaci. Ka nemi dattijo ɗaya mai riƙon amana wanda zai riƙa tambayarka a ƙarshen kowane wata. Batun ci gaba da waƙa a gaban jama'a kuwa, kada ka yanke shi kai kaɗai. Ka kai wa fastonka, ku duba tare da dattawan ikilisiya.