Tambaya da Amsa: Neman Gurbin Karatun Likita a Ƙasar Waje

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ɗana ya kammala sakandare shekara biyu da suka wuce da sakamako mai kyau a darussan kimiyya, ya kuma rubuta jarrabawar JAMB sau biyu yana neman karatun likita, amma bai samu gurbi ba. Kwanan nan wani dillali ya ce zai samo masa gurbi a wata jami'a a gabashin Turai cikin wata guda ba tare da jarrabawa ba, muddin na biya kuɗin shekarar farko ta hannunsa. Ina tunanin sayar da gonata ɗaya domin in biya. Me ya kamata in sani kafin in yanke shawara? Daga wani mahaifi a Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya saka maka da alheri bisa wannan himma, ya kuma cika wa yaron burinsa. Shawarata ta farko ita ce ka dakata da maganar gonar tukuna, ka zauna da ɗanka ku amsa tambayar da dillalai ba sa son a yi musu, wato a wace ƙasa yake nufin ya yi aikin likita bayan ya gama. Samun gurbi shi ne abu mafi sauƙi a wannan tafiya, domin akwai makarantu da yawa a duniya da ke maraba da duk wanda zai biya da dala. Abin da ke da wuya shi ne lasisin duba marasa lafiya, kuma jami'a ba ta bayar da shi. Hukumar likitoci ta ƙasar da mutum zai yi aiki ce take bayarwa.

Idan gida Najeriya zai dawo, to hukumar likitoci da likitocin haƙori ta ƙasa, wato MDCN, ita ce za ta yanke hukunci a kan takardarsa. Duk wanda ya yi karatu a waje sai ya zauna jarrabawar tantancewa da take shiryawa, wadda ta ƙunshi tambayoyi a kwamfuta da kuma gwajin yadda ake duba marar lafiya a aikace. Sai ya ci wannan sannan a yi masa rajistar wucin gadi, ya yi shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a asibitin da aka amince da shi, kafin a ba shi cikakkiyar rajista. An sha samun zangon da waɗanda suka faɗi wannan jarrabawa suka kai ɗaruruwa, kuma da yawa daga cikinsu yara ne masu ƙoƙari waɗanda makarantunsu suka cika su da karatun aji ba tare da sun taɓa marar lafiya yadda ya kamata ba. Haka kuma ka tabbata yana da kiredit a Turanci da Lissafi da Bayoloji da Kemistiri da Fizis tun kafin ya tafi, domin makarantar waje tana iya kau da kai daga giɓin da ke cikin sakamakon WAEC ko NECO, amma idan ya dawo za a binciki wannan takarda.

Saboda haka kafin ka biya ko kwabo, ka sa a duba sunan makarantar a kundin makarantun likita na duniya da ake kira World Directory of Medical Schools, wanda yake a intanet kyauta. Idan babu sunanta a ciki, magana ta ƙare. Idan akwai, wannan bai wadatar ba, domin shiga kundin ba shaidar inganci ba ce. Sai ka tuntuɓi MDCN da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a rubuce ka ji matsayinsu a kan makarantar, sannan ka binciki ko 'yan asalin ƙasar suna karatu a cikinta kuma hukumar likitocin ƙasar tana ba su lasisi. Makarantar da aka buɗe domin baƙi kaɗai, wadda 'yan ƙasa ba sa kai 'ya'yansu, abar tsoro ce ko da kuɗinta ya yi sauƙi, domin araha ba ta ado.

Akwai abin da nake so in tsaya a kansa, saboda iyaye ba safai suke tunaninsa ba, shi ne harshen marasa lafiya. Karatun likita a mafi yawan ƙasashen Turai da Rasha da Sin shekara shida ne. Shekarun farko na aji ne da ɗakin gwaje-gwaje, inda ake koyon sassan jikin ɗan Adam da yadda suke aiki, kuma ana iya yin wannan da Turanci ba tare da matsala ba. Amma daga shekara ta uku ko ta huɗu karatun yakan koma gefen gadon marar lafiya, kuma tsohuwar da ke kwance a asibitin birnin Debrecen na ƙasar Hungary da harshen Hungary za ta faɗi ciwonta, kamar yadda ta Moscow za ta faɗa da Rashanci. Ɗalibin da bai koyi harshen ba yakan ƙare a tsaye a bayan takwarorinsa yana kallo, ya gama shekara shida bai iya zama da marar lafiya ya tambaye shi tarihin ciwonsa daga farko har ƙarshe ba, alhali wannan shi ne ginshiƙin aikin. Makarantun kirki suna tilasta wa baƙi koyon harshen ƙasar tun shekarar farko, kuma a ganina wannan alama ce ta cewa da gaske suke. A nan Masar tana da wani fifiko ga yaranmu, domin jami'o'i irin su Alƙahira da Ain Shams da Iskandariyya da Mansura suna koyar da likita da Turanci, marasa lafiya kuma Larabci suke yi, wanda yaron da ya yi Islamiyya ba zai sha wahalar kama shi ba, duk da cewa Larabcin titin Masar ya bambanta da na littafi. Tsarinsu na yanzu shekara biyar ne na karatu da shekara biyu na horo a asibiti.

Bayan harshe akwai bambancin cututtuka. Wanda ya yi karatu a ƙasar sanyi yana iya gamawa bai taɓa ganin yaron da zazzaɓin cizon sauro ya sa shi suma ba, ko mai sikila a cikin tsananin ciwo, ko mai sanƙarau, ko yaro mai tamowa, ko mace mai jijjigar ciki, alhali waɗannan su ne zai riƙa gani kullum a Katsina ko Gusau. Maganin wannan shi ne ya riƙa dawowa a dogon hutu yana neman izinin bin likitoci zagaye a asibitin koyarwa ko babban asibitin jiha. Ka sanya kuɗin wannan zirga-zirga a cikin lissafinka tun yanzu.

Game da kuɗi kuwa, Alhaji, kuɗin shekarar farko bai kamata ya zama ma'auninka ba. Ka lissafa shekara shida cur, da kuɗin makaranta da masauki da abinci da inshorar lafiya da sabunta takardar zama da jirgi, sannan ka tambayi kanka daga ina kuɗin shekara ta huɗu zai fito bayan gonar ta tafi. Ka tuna cewa a farkon 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin hukuma, amma a farkon 2024 ta haura naira 1,500, kuma iyayen da suka yi lissafi da tsohon farashi sun ga kuɗin makaranta ya ninka har sau uku ba tare da makarantar ta ƙara ko sisi ba. Ɗalibin da aka dakatar a shekara ta huɗu saboda bashi ba shi da takardar da zai nemi aiki da ita, kuma makarantu ba sa sakin sakamakon darussa sai an biya su.

Zaman lafiyar ƙasar ma abin dubawa ne. Yaƙin Yukiren da ya ɓarke ranar 24 ga Fabrairun 2022 ya tarwatsa dubban ɗaliban Afirka daga birane irin su Kharkiv da Sumy, kuma a shekarar MDCN ta bayyana cewa ba za ta karɓi takardun likita da aka samu daga can a lokacin yaƙin ba, domin ba ta yarda da koyon likita ta intanet ba. Yaƙin Sudan na 15 ga Afrilun 2023 ya fi taɓa mu kai tsaye, saboda yawan 'ya'yan Arewa da ke Khartoum, ciki har da waɗanda gwamnatocin jihohi suka tura. Babu wanda ya san gaibu, amma abin da ke hannun ɗalibi shi ne ya riƙa karɓar sakamakon kowace shekara a rubuce da hatimin makaranta ya ajiye kwafinsa a gida, domin waɗanda suke da takardunsu sun fi samun sauƙin neman canjin makaranta.

Shi kuma dillalinka, abubuwa biyu da ya faɗa ba su kwanta mini ba. Jami'o'in da aka sani a wannan yanki, kamar Semmelweis da Debrecen da Szeged da Pecs a Hungary, suna yi wa masu nema jarrabawar Bayoloji da Kemistiri da gwajin Turanci. Kuɗin makaranta kuma asusun makaranta ake biya, a karɓi rasit da sunan ɗalibi. Ka nemi ya ba ka cikakken sunan jami'ar, ka rubuta wa ofishinta na ɗaliban waje da kanka ka tambaya ko sun san shi. Idan ya yi ta kwana-kwana a kan sunan, ka rabu da shi. Kada kuma ku rufe ƙofar gida, domin sake rubuta JAMB, ko shiga ta hanyar shirin share fagen shiga jami'a na IJMB, ko yin digiri a wani fannin kimiyyar lafiya sannan a nemi shiga kai tsaye, duk hanyoyi ne da mutane suka bi suka zama likitoci ba tare da an sayar da gona ba.

TAMBAYA: Ina ajin ƙarshe na sakandare, kuma burina shi ne in karanci likita a Amurka ko Ingila. Ta ina zan fara, kuma akwai tallafin karatu? Daga wata ɗaliba a Kaduna.

AMSA: 'Yata, Allah ya ba ki sa'a. A Amurka ba a shiga makarantar likita daga sakandare. Sai an yi digirin farko na shekara huɗu, a rubuta jarrabawar neman shiga makarantar likita da ake kira MCAT, sannan a nemi makarantar likita ta wasu shekara huɗu, kuma makarantu da yawa ba sa ɗaukar baƙi, waɗanda ke ɗauka ma kaɗan suke ɗauka. A Birtaniya ana shiga bayan sakandare, amma WAEC kaɗai ba ta isa ba, sai an haɗa da jarrabawar A-Level ko makamanciyarta da sakamako mafi daraja. Ana nema ta UCAS, cibiyar neman gurbin jami'o'in Birtaniya, wadda ke rufe karɓar masu neman likita a tsakiyar Oktoba na shekarar da ta gabaci shiga, mutum yana da damar zaɓen makarantun likita huɗu, yawancinsu suna buƙatar jarrabawar tantance masu neman likita da ake kira UCAT, sannan a kira shi ganawa. Kuɗin baƙo a jami'o'i da dama ya haura fam 40,000 a shekara, cikakken tallafi kuma a wannan mataki da wuya ake samunsa.

Hanyar da mafi yawan likitocinmu da ke aiki a waɗannan ƙasashe suka bi ita ce sun yi digirin likita a gida, a Zariya ko Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, daga baya suka rubuta jarrabawar neman lasisin aiki, wato PLAB domin Birtaniya ko USMLE domin Amurka, suka tafi neman ƙwarewa ana biyansu albashi. Idan tallafi kike nema tun daga digirin farko, ki sa ido a kan sanarwar hukumar tallafin karatu ta tarayya da ta jiharki, da shirin Stipendium Hungaricum na gwamnatin Hungary, wanda ake rufe nemansa a watan Janairu. Jami'o'in gwamnatin Italiya ma suna da karatun likita da Turanci wanda ake shiga ta jarrabawar IMAT, kuma kuɗinsu ya yi ƙasa sosai da na Birtaniya. Ki yi fasfo da wuri, ki kuma tabbata sunanki da ranar haihuwarki iri ɗaya ne a fasfo da takardar haihuwa da sakamakon WAEC, domin za a kai takardun Ma'aikatar Ilimi da ta Harkokin Waje a Abuja a tantance su kafin ofishin jakadanci ya duba maganar biza, kuma saɓanin harafi ɗaya yana iya jawo jinkirin da zai sa ki rasa zangon shiga.