Amsa ga Mama kan shiga kabarin Ubangiji a Urushalima

Salamar Ubangiji gare ku mata. Mama, na ji muryarki tun safe, ina bakin murhu ne shi ya sa ban amsa ba. Kin ce ko mutum zai samu ya ja rozari cikakke a cikin kabarin Yesu. Ni dai na san gwiwar nan ce ke damunki, so kike ki ji ko za ki iya tafiyar. Za ki iya. Amma batun rozari a cikin kabari, ki cire shi a ranki tun yanzu.

Ɗakin nan mutum uku yake ci, huɗu in an matsu. Akwai wani fada na Girkawa mai baƙar riga tsaye a bakin ƙofa. Kina durƙusawa kin ɗora goshi a kan dutsen, kafin ki kai ƙarshen "A gaishe ki Maryamu" ɗaya ya fara yi miki alama ki fito. Mu sai da muka yi kusan awa biyu a layi saboda minti ɗayan nan. To a layin za ki ja rozarinki, har ki maimaita.

Hanyar Gicciye kuma kada ki ɗauka irin wadda muke yi a coci ranar Juma'a lokacin azumi ce. A tsakiyar kasuwa take, Via Dolorosa suke ce mata. Kuna waƙa kuna ɗauke da gicciye, mai shago yana miƙo miki gyale, mai turo kura yana cewa ku kauce. Tasha 14 ce, goma a waje... a'a, tara a waje, biyar na ƙarshe duk a cikin cocin kabarin suke. Duwatsun hanyar sun sha ƙafa har sun yi santsi. Inda zan ce ki yi hankali shi ne Kalfari, wurin da aka gicciye Yesu. Kina shiga cocin, ta hannun dama akwai matakala mai tsayi, matsattsiya, ita ake hawa. A sama za ki rarrafa ƙarƙashin bagade ki zura hannu cikin wani rami ki taɓa dutsen. In kin sauko ga shimfiɗaɗɗen dutsen da ake tuna shafe jikin Yesu da mai, yana ƙamshin mai, mata na goga hankici a kai. Ni a nan na yi kukana.

Abin da har yau yake cin raina shi ne mai yi mana jagora. Mutumin nan a Baitalami ya kai mu shago ɗaya ya bar mu fiye da awa guda, ana ta cinikin gicciyen itacen zaitun. A Kana ma haka, mata suka cika jaka da ruwan inabi wai na biki. Da muka zo wurin da ya sa muka baro gida, sai "yalla, yalla", mota na jira. Na gaya wa Fada a gabansa, na ce Fada, mu ba sayayya ta kawo mu ba. Wasu suka ce na cika baki. Su ɗin ne kuma a filin jirgi kayansu suka fi kilo, to bari dai in bar wannan.

Da zan koma, da asuba zan je. Lokacin babu layi, kuma fadannin Faransiskan, namu na Katolika, suna yin Mas a wurin da sassafe. Har ki ga yadda ake buɗe ƙofar cocin in kin yi sammako sosai. Makullin ma a hannun Musulmi yake, Mama. Gida biyu ne, gidan Judeh ke ajiye shi, gidan Nusaiba ke buɗewa, ana cewa tun bayan da Salahuddin ya karɓi birnin a 1187. Saboda cocin ba namu kaɗai ba ne, akwai Girkawa, Armeniyawa, Kibɗawan Masar, Suriyawa, 'yan Habasha kuma a kan rufi suke zaune. Ki ɗaga kai kafin ki shiga, za ki ga wani tsani a ƙarƙashin taga, ya haura shekara ɗari biyu a wurin, don sai duka sun yarda kafin a matsar da shi.

Ki nemi takalmi mai ƙasan roba, ki bar silifas ɗin nan a otel. Maganar guzuri kuma sai dai Baba Katekis ya amsa miki, cajina ya kusa ƙarewa.