Lauyana ya rasu bayan na biya shi, yaya zan karɓo kuɗina?

Allah Ya jiƙansa, ɗan'uwa. Ka biya kuɗin shari'ar gonarka gaba ɗaya, lauya ya rasu ba a kammala ba.

Fara nemo rasit ko shaidar turawa ta banki. In yana da abokan aiki a ofis, same su, su ci gaba da shari'ar ko su mayar maka da kuɗin aikin da bai yi ba. In shi kaɗai ne, wannan bashi ne a kan dukiyarsa, kuma sai an biya bashi ake raba gado. Sanar da magada a rubuce, kada kunya ta hana ka har a raba.

Karɓo fayil ɗinka da wuri, kada zaman kotu ya wuce ka. In an yi gardama, tuntuɓi reshen ƙungiyar lauyoyi ta NBA a garinku.