Tambayi Likita: Injin Zarto da Yatsun Kafinta

Tambayoyin wannan makon sun taru ne a kan injin zarto mai tebur, wanda faifansa ke leƙowa ta tsakiyar tebur ana tura masa katako. Na ji daɗin zuwansu, domin na ga hannayen da wannan inji ya ci, kuma ba na 'yan koyo kaɗai ba ne. Da yawa na ƙwararru ne da sabo ya sa suka saki jiki.

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ni kafinta ne. Zarto ya cire wa yaron shagona yatsa, muka tura yatsan cikin ƙanƙara muka garzaya asibiti, aka ce ba zai haɗu ba. Ina kuskurenmu?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. Malam, kada ka ɗora wa kanka laifin duka. Zarto ba ya yanka kamar reza. Yagar nama yake yi, yana ɗebe ƙashi da jijiyoyi daidai faɗin haƙoransa, don haka wani yatsan ko an kawo shi da kyau ba ya haɗuwa. Amma ɗora yatsa kai tsaye a kan ƙanƙara kuskure ne, domin tsananin sanyi yana kashe naman da ake son ceto.

Mutum ake fara dubawa kafin yatsa. A kashe injin, a danne raunin da tsumma mai tsafta na minti 10 zuwa 15 ba tare da ana ɗagawa ana leƙawa ba, a ɗaga hannun sama da ƙirji, a cire zobe kafin kumburi. Kada a zuba garin katako ko fetur ko wani abu a kai. Shi kuwa yatsan, a naɗe shi da bandeji ko ƙyalle mai tsafta da aka ɗan jiƙa, a sa shi a leda a ƙulle, sannan a tsoma ledar cikin ruwa mai ƙanƙara. Idan bai gama rabuwa ba, ko da fata ce kawai ta riƙe shi, a bar shi yadda yake. Kada mai raunin ya ci ko ya sha komai, wataƙila za a sa masa maganin barci don tiyata.

Yatsa ba shi da tsoka sosai, shi ya sa yake iya jure kusan awa 12 ba sanyi, ko awa 24 idan an sanyaya shi daidai. Hannu gaba ɗaya kuwa, idan ba a sanyaya shi ba, awa 6 ya fara lalacewa. Tun 1965 likitoci biyu a Japan, Komatsu da Tamai, suka mayar da babban yatsan da ya cire, amma har yau aikin yana bukatar madubin tiyata mai ƙara girman abu da likitan da ya ƙware a ɗinkin ƙananan jijiyoyin jini, ba kowane asibiti ke da su ba. Ko an dace, yatsan kan yi tauri, ya riƙa zafi lokacin sanyi, kuma sigari na iya kashe shi bayan aikin. A duba masa allurar tetanus idan ta ƙarshe ta wuce shekara 5.

Tambaya: Likita, ɗana ya fara koyon aikin katako. Ina so in saya masa safar hannu mai kauri don kare yatsunsa. Wace iri ce ta fi?

Amsa: Hajiya, don Allah kada ki saya. Na san ƙauna ce ta sa, amma haƙorin zarto idan ya kama zaren safa, hannun gaba ɗaya yake ja. Haka ma hannun riga mai reto, da agogo, da zobe. Faifai mai faɗin inci 10 yana juyawa sau 3,000 zuwa 4,000 a minti, ba wanda zai riga shi janye hannu.

Abin da za ki tambayi maigidansa shi ne ko injin yana da murfin faifai, da kuma siririn ƙarfen nan da ke tsaye a bayan faifan. Wannan ƙarfe shi ke hana tsagar katako matse faifai. Idan ta matse, injin sai ya yi tutsu, ya harbo katakon cikin ciki ko fuskar mai aiki, hannun da ke turawa kuma ya zarce kan haƙora. Abin da ke ɓata mini rai shi ne masu cire waɗannan abubuwa wai suna rage sauri. Ya yi amfani da sandar turawa idan katakon siriri ne, ya tsaya gefe ba saitin faifai ba, kada ya miƙa hannu ta saman faifai yana juyawa, kuma ya zare wuta daga soket kafin ya canza shi. Idan kina son yi masa tsaraba, tabarau na kariya da abin toshe kunne za ki saya.

A Amurka, hukumar kula da ingancin kayan masarufi ta ƙiyasta raunuka kusan 30,000 a shekara daga taɓa faifan wannan inji. Akwai injin SawStop da ke jin taɓawar fata ya tsayar da faifai cikin kashi 5 na 1,000 na daƙiƙa, sai dai shi ma ba ya hana tutsu.

Tambaya: Idan na tashi daga aiki kunnena yana ƙara kamar kukan gyare. Ina sa auduga, ta isa?

Amsa: Ba ta isa ba. Da desibel ake auna ƙarfin ƙara. Idan ta kai desibel 85 tana ɓata ji cikin awa 8 na aiki, a 100 kuwa minti 15 ya wadatar, kuma zarto yana yanka yakan kusanci haka. Wannan kukan gargaɗi ne. Jin da ƙara ta ɗauke ba ya dawowa. Ka nemi abin toshe kunne na ainihi, ka je a auna jinka.

Tambaya: Shekara 15 ina yankan katako. Ina fama da tari da toshewar hanci, ina shan maganin mura in ci gaba da aiki.

Amsa: Abu biyu suka dame ni. Magungunan mura da yawa suna sa gyangyaɗi, kuma wanda ya sha su bai kamata ya kusanci zarto ba. Na biyu, ƙurar katako tana haddasa asma, kuma tun 1995 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin abubuwan da ke jawo dajin hanci. Lura ka gani: idan tarin yana sauƙi ranakun da ba ka aiki, ƙurar ce. Ka sa takunkumi irin N95, ba ƙyalle ba, ka buɗe tagogi, ka daina hure ƙura da iska. Idan kuwa kafar hanci ɗaya ce ke toshewa kullum, ko tana fitar da jini, kada ka jira. Ka ga likitan kunne, hanci da maƙogwaro cikin wannan makon.